Gadon Katako Mai Hatimi

Duk wanda ya leƙa ɗakunan ajiya na tashar Apapa ko ta Tin Can a Legas zai tarar da buhuna da kwalaye jibge bisa wani gajeren gado na katako, wanda ma'aikatan tasha ke kira falet. Motar ɗaga kaya takan zura haƙoranta biyu a ƙarƙashinsa, ta sunkuci abin da 'yan dako za su daɗe suna jida buhu-buhu. Har ila yau yana raba kaya da laimar ƙasa.

A shekarar 1961 ne hukumomin jiragen ƙasa na Turai suka daidaita girman nasu: tsawo santimita 120, faɗi 80. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin guda 11 a shimfiɗe. Sai dai gadon yana cinye wurin da kaya za su zauna, abin da ya sa masu shigo da kaya suka yi ta ƙorafi sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta wajabta amfani da shi a shekarar 2018.

To, amma babbar magana tana wajen masu fitar da riɗi da citta da zoɓorodo. Ɗanyen katako gida ne na ƙwari, kuma babu ƙasar da ke son a kai wa dazuzzukanta baƙon ƙwaro. Saboda haka a shekarar 2002 aka kafa wata ƙa'ida ta duniya mai suna ISPM 15. Ta tanadi a gasa katakon har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a turara shi da magani, sa'an nan a buga masa hatimi mai nuna ƙasa da lambar wanda ya yi aikin. Haruffan HT a jikin hatimin suna nufin gashi.

Watau attajiri na iya tsabtace riɗinsa tas a Dawanau, ya biya kuɗin mota da na jirgi, a tsare kayan a tashar Turai ko Amurka, ko a komo da su, ba don aibin riɗin ba, sai don 'yan katakan da ke ƙarƙashinsa. Arha a nan ba ta da rana. Gado mai hatimi ma, in kafinta ya sauya masa katako da ɗanye, ya fita daga ƙa'ida. Falet na roba kuwa, da na filawud, dokar gashi ba ta hau kansu ba.