A Ɗauke Wa Mai Karatun Shawara Gayya

'Yan'uwa manoma, ba da shawara ga masu damuwa ya zama sana'a mai doka. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar masu wannan aiki. Karatun ba wasa ba ne. A Amurka, da suka riga mu, jarrabawarsu ta NCE tambaya 200 ce.

A ganina, in ɗan ikkilisiya yana shirin irin wannan jarrabawa, ƙungiya ta ɗauke masa gayya, ko da kaka ce, ta kuma biya masa rajista daga asusu. Manomin da fari ya ƙone gonarsa, bashin taki ya hana shi barci, sau da yawa kunyar faɗa wa fasto yake ji. Wa zai saurare shi?