Kwamfutar wasa: abin da ba a saya ranar ciniki ba, ba a ƙara shi daga baya

Akwai wata jimla da ta zama ruwan dare a bakin masu sayar da kwamfuta, daga Titin Beirut a Kano har zuwa Ikeja a Legas: "Ka ɗauki wannan, in ka samu kuɗi sai a ƙara mata ƙarfi." Rabin jimlar gaskiya ne, rabin kuma tarko ne. Matashin da ya taso daga Dingaya ko Gwaram, ya bi ta Birnin Kudu da Wudil zuwa Kano da kuɗin riɗin gidansu a aljihu, ya kamata ya san wane rabi ne wane kafin ya miƙa kuɗinsa.

Ba wasa kaɗai ke kai mutane ga irin wannan kwamfuta ba. Ɗalibin da ke zanen gini ko injiniyanci a jami'a, da mai tace bidiyon biki, da mai koyon zanen talla, duk injin sarrafa hoto mai ƙarfi suke nema, wato abin da ake kira GPU. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, farashin waɗannan na'urori ya bi ta. Kuskure a nan yana iya cinye amfanin gonar shekara guda.

Abin da za a iya ƙarawa a yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka abu biyu ne: RAM da ma'ajiyar SSD. Injin hoto kuwa an liƙe shi da dalma a jikin allon kwamfutar, wanda masu gyara ke kira bod, tare da ma'ajiyarsa ta musamman. Ba ya fita sai an sauya allon gaba ɗaya, kuma bututun sanyaya da fankar cikinta an auna su ne daidai da zafin wancan injin. Ruɗanin yakan taso ne daga Windows, wadda ke nuna wani adadi na ma'ajiyar da injin hoto zai iya ara daga RAM. Idan aka ƙara RAM sai adadin ya ƙaru, mai saye ya ɗauka an ƙara masa ƙarfin hoto. Alhali RTX 3050 mai gigabait 4 tana nan da 4 ɗinta, ko da an cika kwamfutar da RAM.

Manyan kamfanoni sun gwada karya wannan ƙa'ida. A 2004 Nvidia ta fito da tsarin MXM, kati mai cirewa, amma son kwamfuta siririya ya kore shi daga kasuwa. A Janairun 2019 kamfanin Dell ya gabatar da Alienware Area-51m da tallan cewa za a riƙa sauya mata kayan ciki. Da sabbin injina suka fito a shekarar da ta biyo baya, sai ga shi ba sa shiga tsohuwar, har aka kai ƙarar kamfanin a Kalifoniya a 2021. Wanda ya cika alkawari shi ne ƙaramin kamfanin Framework na Amurka: kwamfutarsa Laptop 16 ta fara da Radeon RX 7700S, sannan a Agustan 2025 ya sanar da RTX 5070 da za ta shiga gurbinta. Wannan togaciya ce mai tsada, ba ita ce ake jerawa a kantunan kayan hannu ba. Idan Dell ya kasa, ba a ga ta inda ɗan kasuwa zai iya ba.

Wasu kan kawo hujjar akwatin waje, inda ake saka katin kwamfutar tebur a haɗa shi da waya. Hanyar tana aiki, amma da sharuɗɗa. Sai kwamfutar tana da kafar Thunderbolt ko USB4, wadda masu arha da yawa ba su da ita. Kafar tana ɗaukar layi huɗu ne na sadarwa, yayin da gurbin kwamfutar tebur ke da goma sha shida, don haka wani ɓangare na ƙarfin katin yana zubewa a hanya. Ga kuɗin akwati, ga na kati, ga buƙatar wuta. Wanda zai iya wannan ya kusa iya haɗa kwamfutar tebur sukutum.

Tunda ba a ƙarawa, kwatanci kafin saye shi ne komai, kuma suna kaɗai ba ya wadatarwa. Nvidia ta bai wa masu ƙera kwamfuta damar saita RTX 4060 daga wat 35 zuwa 115, har da ɗan ƙari a sama. MSI Cyborg 15 tana ba ta wat 45, Asus TUF A15 ta 2023 kuma tana kai ta 140. Tambari ɗaya ne a jikin kwali, aiki kuwa ya sha bamban, har RTX 4050 da aka sakar wa wuta tana iya kamo 4060 da aka takure. Haka nan sunan da ke kan kwamfutar hannu ba daidai yake da na tebur ba: RTX 4090 ta tebur tana da gigabait 24, ta hannu kuma 16. Lambobi biyu ne ke faɗin gaskiya, wato wat da girman ma'ajiyar hoto. RTX 4050 tana da gigabait 6, 4060 da 4070 kuma kowace 8. Ana ganin iyakar wat a shafin bayanin na'ura na Nvidia Control Panel, kuma duk mai sayarwar da ya hana a buɗe shi yana neman a yi cinikin biri a sama.

Mai ƙin wannan ra'ayi zai ce wat mai yawa ba alheri ba ne a kudancin Jigawa, kuma yana da gaskiya. Cajar kwamfuta mai ƙarfi takan kai wat 230, nauyin da ƙaramar sola ta gida ba ta ɗauka, kuma da an cire caja kwamfutar takan rage gudunta da kanta. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu mai toshe fanka suna tilasta wa injin ja da baya. Amma wannan hujja tana ƙarfafa maganar ne. Wanda wutarsa ba ta da tabbas yana iya zaɓar mai wat kaɗan da saninsa, ya biya kuɗin da ya dace da ita. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin ƙi shi ne a sayar masa da rariya da sunan ƙwarya.

Tsarin da ya fi hankali shi ne a juya shawarar ɗan kasuwa. A zuba mafi yawan kuɗi a injin hoto da nagartar sanyaya, a haƙura da RAM gigabait 8 da ƙaramar ma'ajiya, bayan an tabbatar akwai gurbin ƙari, domin waɗannan ana samunsu a Kano duk ranar da hali ya yi. Wanda kuma aikinsa a shago ɗaya yake, ba ya yawo da na'ura, kwamfutar tebur ce tasa, domin a can ne ake zare tsohon kati da sukuddireba a maye shi da sabo.