Kada Ka Yi Saurin Karɓar Mabuɗi

'Yan'uwana malaman gobe, wasunmu za su tarar da sabon gida a makarantar da za a tura su. A ganina wauta ce mutum ya karɓi mabuɗi don ya ga fenti yana ƙyalli. Fenti yakan rufa wa magini asiri.

Ka shiga da tsakar rana, ka rufe ƙofa da taga, ka ɗaga kai. In ka hangi haske ta kwanon rufi, to, nan ruwa zai bi, ga shi kuwa a Kudu damina ba ta da saurin wucewa. Ka kankari bulo da ƙusa. In ya zubo kamar gari, an ƙwari siminti, watau yashi ya yi yawa. Sa'an nan ka kwara bokitin ruwa a makewayi, ka ga ko ya nufi rariya.

Wani ya ce ai wannan rashin godiya ne. A'a, kuɗin jama'a aka kashe. Ran da ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa kuwa, sai ka neme shi ka rasa, littattafanka suna jiƙewa. Rubuta wa manajan makaranta abin da ka gani tun ba ka shigar da gado ba.