Kafin A Tada Motar Da Ta Daɗe A Ajiye

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, motoci da yawa a Haɗejiya suka koma ƙarƙashin rumfa ko gindin darbejiya. Waɗansu ma sun riga su kwantawa, gama ambaliyar 2020 da ta 2022 ta same su a inda suke. A cikinsu akwai tsohuwar Marsandi 230E, wadda aka soma ƙerawa a 1980. Sau da yawa ita ce babbar kadarar da maigida ya bar wa gwauruwarsa da 'ya'yansa. In Kirsimeti ya gabato, sai yara su ce a sayo batir a murza makulli. Muna roƙonku ku dakata tukuna.

Wannan mota ba ta da kafireta. Tsarin man da ke cikinta kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da shi a 1973, sunansa K-Jetronic. Famfon lantarki yana tura mai da ƙarfin da ya ninka iskar taya fiye da sau biyu, ya kai shi ga wani kan ƙarfe mai rarraba mai, daga nan siraran bututu su kai wa nozul huɗu. Cikin kan nan akwai ɗan ƙarfe kamar guntun fensir, yana hawa yana sauka, shi ne ke auna man. Ramin da yake ciki ya matse shi sosai, har ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta tsayar da shi.

To, fetur da ya shekara biyu a tanki yakan yi duhu, ya yi warin fenti, ya bar danƙo kamar ƙaro. Laimar damina kuwa, wadda mu mutanen fadama muka sani, tana sa tanki tsatsa, ruwa kuma ya kwanta ƙarƙashin man. Murzawa ɗaya, famfo zai kwashi duk wannan dauɗa ya tura gaba. Aikin wankin tanki ya zama sayen kai ke nan, ga shi da tsada, ga wuyar samu.

Saboda haka daga baya ake farawa. A sauke tanki a wanke, a sake filta, a sake kowane tiyon roba da ya tsattsage. Famfon yana ƙarƙashin mota kusa da tayar baya, inda ruwan ambaliya ke fara kaiwa, don haka a kankare tsatsar bakin wayoyinsa. Kada a gwada shi a bushe, gama man ne ke sanyaya shi. A duba ɓarnar ɓera a wayoyi, da ginin zanzaro a kafar da tanki ke shan iska. In baƙin mai ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga inji, sai a juye shi.

Sa'an nan a buɗe gidan iska, za a ga wani faifai. Famfo yana aiki, a danna faifan a hankali da yatsa, na ɗan lokaci kaɗan. In ya sauka sumul yana ɗan turo yatsa, lafiya. In ya cije, ko ya faɗa ba wata turjiya, ƙarfen nan ya maƙale, kada a tilasta shi. Nozul kuma a sa kowanne cikin kwalba: feshi ake so kamar hazo, kwalabe huɗu su tashi daidai, ba ɗigo bayan an saki faifai. A yi wannan a fili, nesa da murhu da fitila, yara kuma su ja baya.

Akwai wani ƙaramin sukuru kusa da faifan wanda hannun bakanike ke ƙaiƙayin juyawa. Ku hana. Shekarun ajiya ba su motsa shi ba, ba shi ne ya hana mota tashi ba. Haka nan wanda ya yi saurin cewa a cire kome a ɗora kafireta, mu dai ba mu yarda da shawararsa ba, gama darajar motar za ta faɗi. Ku tambaye shi ko yana da agogon auna ƙarfin mai. In ba shi da shi, gara a biya kuɗin motar wanda yake da shi daga Kano, ya zo ya auna ta a gida.