Sigarin lantarki: hanyar barin taba ko sabon tarko?

 Akwai maganar da ke yawo a tsakanin samari, wai mai son barin taba ya koma sigarin lantarki, wanda ake kira vape, shi ke nan ya tsira. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take saurin shiga kunne.

Abin da ya fi yin kisa a sigari shi ne ƙonawar. Idan ganyen taba ya kama wuta, hayaƙinsa na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji. Sigarin lantarki ba ya ƙona ganye. Batir ne ke zafafa wata 'yar waya, ta mayar da ruwan da ke ciki tururi, ruwan kuma haɗin nikotin ne da kayan ƙamshi. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙera irin na yanzu a 2003, shi kansa yana neman rabuwa da sigari. A Ingila hukumar lafiya ta NHS tana ba mashaya shawarar gwada shi, har a 2023 gwamnati ta sanar da shirin raba shi kyauta ga mashaya miliyan ɗaya.

To amma su wa ake nufi? Manya, waɗanda sigari ya riga ya kama, bisa sharaɗin su bar shi gaba ɗaya, daga baya su ajiye na lantarkin ma. Ita dai Ingilar ta haramta sayar da shi ga wanda bai kai shekara 18 ba, kuma daga 1 ga Yuni 2025 ta hana irin wanda ake sha a yar, saboda yadda yara suka rungume shi da kuma sharar da yake tarawa. Indiya kuwa tun 2019 ta hana shi ɗungurungum.

Inda gizo ke saƙar shi ne, da yawa ba sa komawa, haɗawa suke yi: sigari a bayan gida, vape a cikin ɗaki. Karan sigari yana ƙarewa cikin 'yan mintuna, warinsa kuma ya tona asiri. Wannan ba ya saurin ƙarewa, ba ya wari, yana aljihu. Sai mutum ya dinga zuƙa daga asuba har ya kwanta, jikinsa ya ƙara sabawa da nikotin, alhali a ganinsa bari yake yi. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma nikotin na taɓa natsuwa da riƙe karatu. Mai shirin WAEC ko NECO ya duba wannan da kyau.

Ni abin da ke ba ni haushi shi ne ɗanɗanon. Mangwaro, kankana, alawa. Wane magidanci mai shekara hamsin ne ya ce sai an sa masa alawa kafin ya bar taba? Ku ake nema. Wanda bai taɓa shan sigari ba, babu abin da zai bari. Sabon kamu kawai zai saya da kuɗin tararsa.

Wanda kuma ya riga ya fara sigari, ba zagi zan yi ba. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa yara, ta hana sayar da kara ɗaya-ɗaya, amma kowa ya san mai tebur bai daina ba. Ka sani ƙwaɗayin yana zuwa ne ya wuce cikin mintuna kaɗan. Makon farko shi ne mai wuya, da ciwon kai da saurin fushi, sannan abin ya fara lafawa cikin makonni. Idan ka taɓa kai azumi tun daga sahur har magariba ba ka zuƙa ba, ka riga ka ga jikinka zai iya. Ka tsayar da rana, ka canza hanyar da ke bi ta gaban mai tebur, ka faɗa wa wani babba da ba zai tona ka ba. Akwai cingam da filastar nikotin da aka yi don masu barin taba, amma a shekarunka likita ne zai ce ko sun dace da kai, don haka ka fara da asibiti mafi kusa.