A Bar Samarinmu Su Je Gurara Da Kekunansu, Amma Da Sharaɗi



Maganar da ta fi yawo a majalisun unguwa kwanakin nan ita ce ta samarin da ke shirin tafiya Gurara da kekunansu na hawan dutse. Wasu iyaye sun ce atafau ba za a je ba, wasu sun ce a ƙyale yara su sha iska. Mu a ƙungiyance mun saurari kowane ɓangare, kuma ra'ayinmu shi ne a bar su su je, amma ba yadda suka tsara ba.

Ga wanda bai gane irin keken da ake magana ba, shi ne mai ƙatuwar taya mai ƙaya-ƙaya, da giya barkatai, da sifirin a gaba, irin wanda 'yan gwanjo ke kawowa. Asalinsa daga jihar Kalifoniya ta Amurka ne, inda a shekarun 1970 wasu matasa suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga kan duwatsu. Abin da aka ɗauka shiririta ne ya shiga gasar Olamfik a 1996 a Atlanta. Yau a ƙasashen Turai da Kanada akwai wuraren shaƙatawa da aka ware wa wannan wasa kaɗai, abokai su haɗa kuɗin mai, su ɗaure kekuna a bayan mota, su yi tafiyar yini guda don su je su hau. Ko a nan Afirka, Ruwanda da ake wa kirari da ƙasar tsaunuka dubu ta mayar da keke hanyar samun kuɗin shiga, har Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya a watan Satumban 2025.

To mu abin da waɗancan ke biyan kuɗi su je nema, Allah ya zube mana shi a ƙofar gida. Duk wanda ya ɗaga kai a Minna zai ga tudu, daga Paida har Bosso. Ga dutsen Zuma da ke jikin takardar naira 100, ga kuma Gurara da ruwa ke zubowa daga tsayin kimanin mita 30. Mutanen Abuja na zuwa ƙarshen mako su ɗauki hotuna su koma, alhali a unguwar nan akwai magidancin da ya haura arba'in bai taɓa taka wurin ba.

Iyayen da suka ƙi amincewa ba su yi laifi ba, domin tsoronsu na da tushe. Shirin farko na samarin shi ne su tuƙa kekunan tun daga nan, su bi ta Chanchaga da Paiko har mararrabar Bonu. Wannan kam ba mu yarda ba, kuma ba za mu yarda ba. Hanyar Minna zuwa Suleja ba ta mai keke ba ce. Shekara da shekaru ana aikin mayar da ita tagwaye, direba na kauce wa rami ya hau hannun da ba nasa ba, tirela da tanka kuwa ba sa ganin mai babur balle mai keke. Ba mu manta da abin da ya faru a mararrabar Dikko a watan Janairun 2025 ba, lokacin da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta aka rasa rayuka masu yawa. Allah ya jiƙansu. A wannan titin ne za mu saki yara goma sha su jera kamar agwagi? A loda kekunan a a-kori-kura, su kuma su shiga bas, a sauke su a inda kwalta ta rabu da manyan motoci, daga nan su taka yadda suke so.

Sai batun ruwa, wanda a ganinmu ya fi na titi haɗari don ba a ganin mugunyarsa. Da damina Gurara kan cika ya batse, duwatsun bakin ruwa su yi santsi, kuma saurayi in ya ga abokai na ɗaukar sa a waya sai ya manta da cewa uwa ce ta haife shi. Lokacin da ya dace shi ne rani, tsakanin Janairu da Maris, sa'ad da ruwa ya ja baya. Akwai wata fa'idar kuma: a lokacin an gama girbi, ba za a ratsa wa 'yan uwanmu Gbagyi gonar doya ko dawa da taya ba. Hanyoyin ƙafa da za a bi na masu su ne. A fara zuwa a gaida mai gari, a nemi izini, a ɗauki ɗan gari ya shige gaba, a sallame shi da abin da ya sawwaƙa.

Tsaro ma ba abin da za a rufe ido a kai ba ne. Kowa ya san halin da mutanen Shiroro da Munya da Rafi ke ciki, shi ya sa da wani ya kawo shawarar a je wajen dam ɗin Shiroro muka ce a jingine. Ko Gurarar ma, a tambayi direbobin tasha da jami'an tsaro ana gobe tafiya. A fita bayan sallar Asuba, a yi Azahar a can, kafin Magariba kowa yana gidan ubansa. Babu kwana, babu tafiyar dare.

Wasu za su ce me ya kai ƙungiya shiga harkar wasa. Amsarmu ita ce in muka hana, ba fasawa za su yi ba, sulalewa za su yi ba tare da kowa ya san inda suka nufa ba. Kuma a faɗi gaskiya, saurayin da ke tara kuɗin taya da birki, yake kwanciya da wuri don ya tashi motsa jiki, ya fi mana wanda ke rakuɓe a lungu yana shaye-shaye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, keken da ake wa kallon abin hawan talaka ya dawo da darajarsa, har ma'aikata sun fara kakkaɓe nasu.

Abin da muke nema daga iyaye shi ne izini baki da baki, ba saƙo ta bakin yaro ba. Daga samarin kuma, hular kwano dole ce, wanda ba shi da ita ya aro ko ya zauna a gida. Za mu haɗa su da manya biyu da mai faci ɗaya da akwatin magani. Masu motocin haya na unguwa da za su iya taimakawa da rangwame, muna jiran ku a zaman ranar Lahadi bayan La'asar.