Ba Laifin Ƙadangare Ba Ne

Kowa ya san kashedin da ake yi wa yaro in ya fara famfara: ya rufe bakinsa kada ƙadangare ya ga giɓin, in ya gani haƙori ba zai fito ba. Yara a Luggere da Jambutu da Wuro Hausa suna tsokanar juna da wannan magana. To, haƙorin yakan ƙi fitowa a wani jiƙon, ko ya fito a karkace, ko da tabo. Amma sau da yawa dalilin wata faɗuwa ce da yaron ya yi tun yana tatata, wadda iyaye suka daɗe da mantawa.

Haƙoran nono guda 20 ne. Sukan fara tsirowa wajen wata 6, su cika wajen shekara 3. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun jariri yana wata 3 zuwa 4 manyan haƙoran gaba na sama suke fara ƙulluwa a cikin ƙashi, ba su gama ɓawonsu sai yaro ya kai shekara 4 zuwa 5. Suna kwance ne dab da saiwar haƙoran nono, tsakaninsu 'yar tazara ƙalilan. Watau in yaro ɗan shekara 2 ya kifa a dokin ƙofa ko a kan siminti, har haƙorinsa ya nutse cikin dasashi, saiwar tana iya dungurar na ciki alhali yana ɗanye, kamar tukunyar da ba a gasa ba. Jini zai tsaya, kuka zai wuce, kowa ya ce an yi arziki. Sai yaron ya kai shekara 7 ko 8 sa'an nan a ga fari ko rawayan tabo a sabon haƙori, ko rami a jikinsa, ko kuwa ya lanƙwashe ya maƙale a ciki. Gwargwadon ƙanƙantar yaro lokacin rauni, gwargwadon munin ɓarnar.

A ganina, maganar nan ta “ai na nono ne, wani zai fito” ita ce ta fi cutar da mu.

In haƙorin nono ya fita ɗungurungum, kada a mayar da shi ramin, domin turawar tana iya raunata na ciki. In ya nutse, kada a sa wanzami ya zaƙulo shi. Ka'idojin da ƙungiyar likitocin raunin haƙori ta duniya ta fitar a 2020 sun ce a bar shi, yawanci yakan dawo da kansa cikin wata 6 zuwa shekara guda, likita yana dubawa. In ya yi baƙi, ko ƙurji ya fito a dasashi, to, ba sauran jira, gama mugunya ma tana ɓata na ciki. Akwai masu aikin haƙori a Asibitin Ƙwararru na Jimeta da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama.

Babban haƙori kuwa hukuncinsa dabam. In ya fita, a riƙe shi ta kai, ban da saiwa, a sa shi cikin madara, a garzaya asibiti kafin awa guda ta cika.